Laimar da Na Riƙe wa Baba a Arfa

Hindawiyya, Jidda.
Shawwal, 1377.

Zuwa ga Yaya Barakatu, a Maiwurno.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulwahid da yara baki ɗaya. Yaya aka sha ruwa, yaya hidimar salla? Yaya ciwon bayan nan naki na cirar auduga? Matata Luba tana gaishe ki, ta ce har yanzu tana zuba ido ga garin kukar da kika yi mata alkawari. Malam, tunda kai za ka karanta mata, don Allah kada ka tsallake komai, na san ka da tausayi.

Yaya, Baba ba shi da lafiya. Tun kafin azumi ƙafafunsa suka fara kumbura, yanzu kumburin ya hau har ciki. Ba ya iya kwanciya, da ya miƙe sai numfashi ya sarƙe, sai dai a jingina shi da bango. Kin san Baba da baki. Ya ce wai ruwan da ya yi shekara da shekaru yana ɗauka a kafaɗa yana kai wa gidajen Larabawa ne ya biyo shi gida, ya rasa garwar shiga sai jikinsa. Masu dubiya suka yi ta dariya. Ni dai ban yi ba, don ni nake ɗaga shi, na san nauyin ruwan.

Kin san ina tuƙa motar gidan Shehu Hamad, attajirin nan mai shigo da shinkafa da sukari. Mahaifiyarsa, Sitti Sauda, irin wannan ciwon ke gare ta sak, saboda haka na roƙi likitanta, wani Bamasare, ya duba mini Baba. Ya ce zuciya ce ta gaji. Ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa ta da ƙwaya da allura, a rage gishiri, kuma babban abu, a nisanta shi da zafin rana. Da ya faɗi wannan na ƙarshe saura kaɗan in yi dariya. Sitti tana bene na sama inda iskar teku ke shiga, ga fanka a kanta, ga ƙanƙara a kofinta. Baba yana cikin sandaƙa, ɗakin kwano da katakon akwati, wanda tun da hantsi in ka dafa bangonsa sai ka janye hannu. Da safe in kai likita wancan gida, da yamma in dawo in tarar da Luba tana jiƙa buhu tana shimfiɗawa a kan rufi. Ciwonsu ɗaya, amma ban ga inda suka yi kama ba bayan sunan ciwon.

Ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Ranar Juma'a bayan la'asar Baba ya aiki Luba maƙwabta, ya ce in matso. Ya ce yana so in kai shi Arfa bana. Na ce ai ya sauke farali tun ina yaro, ya kuma maimaita ba sau ɗaya ba. Sai ya dube ni irin duban da yake mini in na yi wauta, ya ce, “Na ji abin da Bamasaren nan ya faɗa a kan rana. Ka kai ni da harami, ka zaunar da ni a fili, ka bar ni da Ubangijina. Ba zan ƙara roƙon ka komai ba.”

Yaya, hajjin bana a tsakiyar zafi zai faɗo. A irin wannan shekara ƙarti ma faɗuwa suke yi, balle shi. Kuma kin san abin da malamai ke cewa game da wanda ya cika cikin harami: a tufafinsa biyu ake rufe shi, ba a sa masa turare, ba a rufe masa kai, kuma da Labbaika a bakinsa zai tashi. Baba ya sha ganin ana wucewa da irinsu lokacin da yake shayar da alhazai. Ya ce tun yana da ƙarfinsa yake sha'awarsu.

Na ce masa wannan ai kisan kai ne da hannuna. Ya ce shi hajji ya ce in kai shi, ba wuƙa ya ce in ɗauko ba. Daga baya ya faɗi abin da ya fi ci masa rai. In ina wurin aiki, Luba ce ke ɗaga shi in zai kama ruwa. Mutumin da bai taɓa cin abinci a gaban surukarsa ba. Da ya zo nan a maganarsa sai ya juya fuska bango.

Tun daga ranar ba ni da sukuni. Jiya na wuce ƙofar gidan maigida da mota ban sani ba, sai da ya taɓa mini kafaɗa. Ke ce babba, ki faɗa mini abin da zan yi. Ki ba da amsa ta hannun alhazan farko da za su taso daga wajenku.

Ki gaishe da yara, ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Na'ibi.

*

Hindawiyya, Jidda.
Zulƙida, 1377.

Yaya Barakatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta Malam da yara. An fara samun ruwan sama a wajenku? Kuka ta iso, Luba ta gode, har Baba ya ɗan taɓa miyar ya ce ba gishiri, ba daɗi, amma ta yi ƙanshin gida.

Takardarki ta zo, na karanta, kuma na ji zafinta. Na ga Malam bai rage komai ba wajen rubutawa, Allah ya saka masa. Kin ce Inna ta rasu a bayan jaki a hanyar Sinnar ana neman mai allura, ke kika riƙe ta, ni ina ƙarami ban san komai ba. Kin ce a wajenku mutum sai ya sayar da akuya kafin ya ga fuskar likita, mu kuma Allah ya kawo mana likita har ƙofar ɗaki muna shawarar kai tsoho rana. Kin ce in na yi haka kada in sake kiran ki Yaya. Duk na ji. Amma ki yi haƙuri in faɗa miki, daga Maiwurno Jidda ta fi kyau. Kuna jin labarin fetur da motoci, kun ɗauka kowa a nan fanka ke kansa. Allurar da kike magana tana janye ruwan kwana kaɗan, ya dawo ya fi na da. Ba ke kike jin numfashinsa ba.

Na je wurin malamai biyu. Limaminmu ya ce Allah ya hana mutum jefa kansa ga halaka, kuma wanda ya kai shi yana sane yana da kaso a ciki. Wani dattijo ɗan Barno da ke karantarwa a Makka ya ce hana uba aikin hajji ba ƙaramin abu ba ne, ajali kuma ba a hannun rana yake ba. Na fito daga wurin kowannensu na yarda da shi, kafin in kai gida na warware.

Sai kuma ga wata ƙofa ta buɗe. Kowace bazara gidan maigida Ɗa'ifa suke komawa, can kan duwatsu inda ake rufa da bargo lokacin da mu muke gasuwa. Da Shehu Hamad ya ji halin da ake ciki, ya ce in taho da Baba, akwai ɗakin mai gadi a lambu ba kowa a ciki. Wallahi mutumin kirki ne. Na dawo gida da gudu kamar an yi mini haihuwa. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ya yi shekaru yana tsayawa a ƙofar bayan gidajensu da garwa, ba zai je ya mutu a ƙofar bayan lambunsu ba. Ya ce sanyin Ɗa'ifa zai ƙara masa kwanaki ne kawai, kwanakin kuma irin waɗannan ne. Na yi fushi na ce girman kai ne. Ya ce wataƙila, shi kaɗai ya rage masa.

Na kai su Ɗa'ifa ba tare da shi ba. Kin san hanyar ta cikin Makka take bi. Muna ratsa garin sai na ji Sitti Sauda daga kujerar baya tana roƙon ɗanta ya sauke ta a nan, ta ce ta gaji da allura, ta gaji da juyi. Ya sumbaci hannunta ya ce bayan salla Bairut zai kai ta, can akwai manyan likitoci. Ya ce da ni yalla, in ƙara wuta. Na kalle ta a madubi tana waiwayen hasumiyoyin Harami har suka ɓace. Ashe mai ƙanƙara ma abin da mai sandaƙa yake roƙo take roƙo, ita ma ba mai ji.

Da na dawo na tarar Baba ya sa Luba ta wanke masa haraminsa, an shanya. Ya ce in ban kai shi ba zai sa a ɗora shi a motar ’yan unguwa, kuma na san zai aikata. To gara a hannuna. Zan kai shi, Yaya. Amma na shiga kasuwa na sayi laima baƙa, babba, na ɓoye ta a cikin tabarma. Baba irin mutanen da ne, ba ya yarda mai harami ya shiga inuwar laima, ya ce malaman gida ba su yi. Na tambaya an ce mini akwai sassauci ga marar lafiya. Bai san da ita ba tukuna.

Na san ban yi abin da kika ce ba, ban kuma yi niyyar yin abin da ya ce ba. Ni kaina abinci ma ba ya shiga. Ki yafe mini, ki ci gaba da amsa sunan Yaya har ki ji yadda ta kaya.

Naki,
Na'ibi.

*

Hindawiyya, Jidda.
Ƙarshen Zulhajji, 1377.

Yaya Barakatu,

Assalamu alaikum. Barka da salla, da fatan kun yi layya lafiya, ke da Malam da yara. Alhazanku ne za su kawo miki wannan, tare da dabino da ruwan Zamzam daga Luba.

Bari in fara da abin da kike jira. Baba yana da rai.

Mun tafi a babbar motar ’yan unguwa, wadda aka cire wa rufi saboda masu harami. Da muka isa Arfa masu hali suka shige tantunansu, mu kuma muka kafa sanduna muka ɗaura buhuna. Da rana ta yi tsaka Baba ya ce in fitar da shi. Na goya shi har kusa da dutsen Rahama, na shimfiɗa tabarma na jingina shi da wani dutse. Yaya, ban taɓa ganin zafi irin na ran nan ba. Ƙasa tana cin tafin ƙafa, iska kamar daga bakin tanda. Ya ɗaga hannu ya fara addu'a, fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin ciwon. Ya ce in koma inuwa.

Sai na buɗe laimar.

Da inuwa ta sauka a kansa ya buɗe ido ya duba sama, ya dube ni. Ya sa hannu ya ture ƙafata, amma ina ƙarfin yake. Ya ja jiki gefe, na bi shi. Rana ta karkata, na karkata da ita. In na ga leɓensa ya bushe in jiƙa tsumma in matse masa, in zuba ruwa a kafaɗunsa, yana kawar da kai ina bi. Mutane suna wucewa suna sa mini albarka, wai ga ɗa na gari. Ni kuwa ban yi addu'ar kirki ko ɗaya ba a Arfa, in ban da Allah kada ka ɗauke shi a hannuna.

Wajen la'asar aka zo wucewa da gawa ta gabanmu. Husaini ne, maɗinkin unguwarmu, wanda ya taya ni ɗora Baba a mota da safe, mutum mai jini a jika. Rana ta buge shi yana nemo wa matarsa ruwa. Suna ɗauke da shi cikin haraminsa, kansa a buɗe. Baba ya bi su da ido har suka shige cikin jama'a. Ni tausayin matar Husaini ya kama ni. Abin da na gani a idon Baba kuwa ba tausayi ba ne, kuma ba zan iya rubuta sunansa ba.

Da rana ta faɗi jama'a suka ɗau kabbara, aka fara haramar tafiya. Na rufe laimar, hannuna ya ƙage ya ƙi saukowa. Na durƙusa zan goya shi, sai ya ce a hankali, “Na zo har bakin ƙofa, ka tsaya ka tare.” Daga wannan bai sake ce mini uffan ba.

Mun ƙarasa aikin, na yi masa jifa, aka yi masa ɗawafi a kan makarar ɗaukar tsofaffi. Muka dawo gida. Fatar wuyana da kafaɗuna duk ta saɓule, Luba tana shafa mini man shanu tana tsokana wai an kai tsoho rana an dawo da yaro gasasshe. Maƙwabta suna ta shigowa barka da arziki. Liman ya riƙe hannuna ya ce na yi jihadi. Baba yana jingine yana amsa wa kowa, ban da ni. In na miƙa masa ruwa sai ya rufe ido. In Luba ta karɓi kofin nan daga hannuna ta miƙa masa, sai ya sha. Ita da yake jin kunya, yanzu ita yake kira ta ɗaga shi ko ina zaune.

Na san za ki yi murna, kuma ba na hana ki. Ni ma da na gan shi yana numfashi a Muzdalifa na yi kukan daɗi. Amma kumburin ya ƙaru, ƙafafun sun fara tsagewa suna tsiyaya. In na tashi daga aiki sai in yi ta zagaya gari da ƙafa, in je bakin teku in dawo, don kada in shiga ɗakin da wuri. Na tsare miki mahaifinki, Yaya. Da ma kina kusa ki ga abin da na tsare.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Na'ibi.

*

Hindawiyya, Jidda.
Rabi'ul Awwal, 1378.

Yaya Barakatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Malam, ka zaunar da ita kafin ka ci gaba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Baba rasuwa ranar Talatar da ta wuce. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da Inna a gidan rahama, ya ba mu haƙuri.

Takardarki ta godiya ta same ni tun watan jiya, wadda kika ce a ciki na haifu. Ban amsa ba don ban san me zan ce ba. Watannin nan ba na so in ba ki labarinsu duka. Gyambo ya ci ƙafafun, ƙudaje suka samu wurin zama, likita ya ce ba sauran inda zai soka allura. Sitti Sauda kuma a Bairut ta cika, a hannun baƙi. Ni na ɗauko akwatin gawarta daga filin jirgi. Shehu Hamad yana kuka a mota yana cewa ya yi mata duk abin da ake yi, shi ke nan. Na ce haka ne, don abin da nake faɗa wa kaina ke nan.

Ranar Talata da safe ina shirin fita sai na ji an ce Na'ibi. Na ɗauka kunnena ne. Rabon da ya kira sunana tun Arfa. Ya ce in fitar da shi waje, ya gaji da kwanon nan. Na ɗauke shi na zaunar a ƙofar gida, na jingina shi da tsofaffin garewaninsa. Luba ta biyo ni da laimar ta sa mini a hannu, ta koma. Hantsi ya fara zafi. Baba ya dubi laimar, ya dube ni. Na zauna kusa da shi a ƙasa, na ajiye ta a kan cinyata.

Ban buɗe ta ba, Yaya. Ba mantawa na yi ba.

Can ya ce in ba shi ruwa. Na juya zan kira Luba, ya ce a'a, ni. Na riƙe masa kofin ya sha, ya dafa hannuna da nasa. Muka zauna. Ya tambaye ni ko kina da furfura yanzu, na ce rabona da ke ai tare muke. Ya yi murmushi. Rana ta yi ta hawa. Luba ta leƙo ta ce zafi ya yi yawa, na ce ta bar mu. Ta sake leƙowa, ta ga fuskata, ta koma ciki. Ya yi ta motsa baki yana salati, kansa a kafaɗata. Kafin kiran azahar na ji nauyinsa ya sauya.

Bai ce ya yafe mini ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ruwan dai ya sha.

Wajen wanka na kawo haraminsa na ce a haɗa a likkafani, aka haɗa. Sai na roƙi liman a bar kansa a buɗe. Ya dube ni da tausayi ya ce ba zai yiwu ba, wannan na wanda ya cika cikin harami ne, Baba kuwa a ƙofar gidansa ya cika. Aka sa masa kafur. Liman ya ce ni ɗan mamaci in rufe fuskar. Ni na ja ƙyallen da hannuna na rufe kan, na ɗaure.

Ga abin da ya hana ni zama. Ya roƙe ni a inda yake ganin abin zai zame masa tsira, na hana shi. Na zo na ba shi a bakin kwata a Hindawiyya, bayan ya sha wahalar da yake gudu har ƙarshenta. Mutane suna ta zuwa gaisuwa suna cewa ba ɗan da ya yi wa uba abin da na yi. Luba kaɗai ta san yadda safiyar ta kasance, ita kuma ba ta faɗa wa kowa ba. Ke ce ta biyu. In kin ga ki janye sunan Yaya, ba zan yi musu ba.

Laimar tana rataye a bayan ƙofa. Luba ta ce in ba da ita sadaka tare da tufafinsa, na ce ta dakata. Kullum in na idar da salla sai in ɗaga hannu in nemi gafara a kanta, sai in tsaya, don ban san wanne zan ambata ba, ranar da na buɗe ta ko ranar da na bar ta a rufe.

Ki yi masa sadaka a nan wajenku, ko da ruwa ne, ya fi son ta. Ki gaishe da Malam da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki, in kin yarda,
Na'ibi.